Abin da ya fi son sanyin hunturu a lambu

A hirar da muka yi da masu noman rani, bakinsu ya zo ɗaya kan latas, kabeji, karas da albasa: sanyin Disamba da Janairu ne lokacinsu. Kan latas aka fi jan kunne. A shuka da wuri, domin da zafin Maris ya kunno kai sai ya miƙe ya yi fure, ganyen ya yi ɗaci. Wani dattijo ya ce karas ba ya son dashe, a yafa irinsa a fangali mai yashi-yashi. Albasa kuwa, 'yar Galmi, wato irin da ya samo suna daga garin Galmi na ƙasar Nijar, suka fi yabo. Ni dai kuɓewa ce ta tsugune mini bara, ta ƙi tashi. Suka ce in jira zafi.