Bayan rasuwar abokin hawanmu a filin tseren babur

Allah Ya jiƙansa. Ga abin da na tsinto daga maganganun 'yan'uwa mahaya kan abin da ya kamata mu yi:

1. Baki ya zo ɗaya: duk wanda ya ɗauki bidiyon faɗuwar, kada ya saka shi a Facebook ko WhatsApp. A miƙa wa masu bincike kawai.

2. A daina hasashen ko taya ce, ko birki, ko gudu. A Ingila irin wannan mutuwa sai ta bi ta hannun jami'in binciken musabbabin mutuwa, wanda kan jinkirta sakin gawa. A sanar da iyali tun wuri, musamman masu son gaggauta jana'iza.

3. Babur ɗinsa da hular kwanonsa, kada a kai gida sai iyali sun nema.

4. Kan komawa fili aka rabu. Wasu sun ce a koma da wuri kafin tsoro ya yi jijiya, ko da rukunin 'yan koyo ne. Wasu sun ce wanda ya ga an ɗaga jar tuta, alamar dakatar da gudu, aka yi tsit, ba a tilasta masa. Ni ma nan na karkata.

5. Zagaya fili a kan babur don tunawa da shi: wasu na so, wasu sun fi son sadaka da addu'a.

6. Wanda barci ya ƙaurace wa, ya kira Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa ta waya a Ingila, a 116 123.