Da me mutum zai tabbatar ba mafarki yake yi ba?

Mai tambaya: Jama'a, raina a ɓace yake. Shekaranjiya na yi mafarkin mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana zaune a kan buzunsa yana miƙo mini buta, har sanyin ruwan na ji a hannuna, kuma ban yi shakkar komai ba sai da kiran assalatu ya tashe ni. Da na tambayi abokaina a majalisa da wace hujja mutum zai tabbatar yanzu a farke yake, tunda a cikin mafarkin ma haka na ɗauka, sai suka ce waswasi ne ya kama ni. Alhali Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya yi wannan tambayar a littafinsa Almunƙizu Minad Dalal.

Malamin Islamiyya: Ƙanina, Allah ya jiƙan baba, amma hujja ai tana nan. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka, shi ya sa wanda ya saki matarsa a mafarki zai wayi gari aurensa yana nan daram.

Ɗalibar jami'a: Allah ya gafarta malam, wannan hukunci ne, ba hujja ba, domin sai an san wane ne mai barcin kafin a ɗauke masa alƙalami. Dekart, masanin falsafa na Faransa, a 1641, ya ce rayuwar farke ana iya haɗa jiyanta da yau ɗinta, mafarki kuwa guntu-guntu yake zuwa.

Malamin Islamiyya: 'Yata, wato hadisi ba hujja ba ne, sai maganar Bafaranshe?

Ɗalibar jami'a: Ban faɗi haka ba, malam, kada a sa mini magana a baki.

Wani almajiri: Gazalin ma ya kawo cewa mutane barci suke yi, sai sun mutu za su farka, ya jingina maganar ga Annabi (SAW), alhali malaman hadisi sun ce ba ta tabbata daga gare shi ba.

Wani dattijo: Yaro, bakinka bai kai ya gyara wa Hujjatul Islam Gazali magana ba.

Mai tambaya: Don Allah, ni fa har yanzu ba wanda ya amsa tambayata.

Shugaban zaure: Abin da na fahimta shi ne malam ya kawo nassi kuma ba a iya ture shi ba, ɗalibarmu kuwa ra'ayin Bature kawai ta kawo. Maganar Gazali an rufe ta, domin ba a zaurena za a taɓa malamai ba.