Laftof ɗin buga gem: furosesan tebur ko na tafi-da-gidanka?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Laftof nake nema na buga gem. Na ga wani na hannu mai i9-10900K, ainihin furosesan kwamfutar tebur, ga kuma sababbi masu HX, wato furosesan laftof mai ƙarfi. Wanne zan ɗauka? Wanda ya taɓa riƙe irinsa ya taimaka.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. HX, ido rufe.

Kwamanda: Ƙanina, zauna ka ji. Shekara biyu na yi da irin wannan, ba zan kama sunan kamfani ba. Abin da ya ja ni shi ne wai furosesan a soket yake, ba a liƙe shi da dalma ba, duk ran da na ga dama sai in cire in sa sabo. Ranar da ya iso na ga caja biyu a kwali, kowace kamar bulo. Idan na jona ɗaya kawai sai ya ƙi ba da cikakken ƙarfinsa. Batir kuwa suna ne, da ƙyar nake gama wasa ɗaya. Minti goma na farko gudu kamar me, daga nan zafi ya taso, fanka ta fara ihu, furosesan ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Na canza man da ake shafa masa, na ɗaga bayansa, na rage masa wuta, ya ɗan lafa. A ƙarshe dai kan tebur ya zauna bai ƙara fita ba, jakar ma ta gaji da shi. Sabon furosesan da na ci buri kuwa, da ya fito soket ɗinsa daban ne. An yi ba a yi ba.

Anti Zee: Wato kwamfutar tebur ka saya mai murfi 😂

Kwamanda: Anti, ki bari kawai.

Injiniya: Lissafin a fili yake. 10900K wat 125 aka rubuta masa, kuma idan ya ɗau aiki yana zarce haka nesa ba kusa ba. An ƙera shi ne don akwati mai faɗi da babbar fanka. Na laftof mai harafin H a ƙarshen sunansa kuwa wat 45 ne. Maganar soket ma haka take, Intel ya bar LGA1151 ya koma LGA1200 a 2020, ya sake komawa LGA1700 a 2021. Da can dai akwai dalilin sa furosesan tebur a laftof: Alienware Area-51m na 2019 ya zo da 9900K, Clevo ma sun yi masu soket, har da mai ɗaukar Ryzen 9 3950X. Amma tun 2022 da HX ya fito zancen ya canza, don HX ɗin ainihin ƙwayar na tebur ce aka liƙe a allon laftof. i9-13980HX kor 24 gare shi, wato sassan da ke raba aiki a cikinsa, daidai da 13900K, wuta kawai aka rage masa.

Sarkin Yaƙi: Ka manta da 7945HX3D na AMD. Kor 16, ga 3D V-Cache, wato ƙarin ma'adanar bayanai mai sauri a cikin furosesan. A gem Intel ya sha ƙura.

Baban Khalifa: An fara. Ko gaisuwa aka yi a zauren nan sai ka kawo AMD.

Sarkin Yaƙi: Ƙarya na yi?

Baban Khalifa: Laftof nawa ne suka zo da shi? Lissafo mana.

Sarkin Yaƙi: ROG Strix Scar 17.

Baban Khalifa: Sai kuma?

Anti Zee: Ku dai kuna ta musu a kan furosesa, yaron nan gem zai buga. Ɗan Auta, katin hoto za ka fara dubawa, kuma kada suna ya ruɗe ka. RTX 4060 na laftof akwai wanda aka ba wat 35, akwai na 115, suna ɗaya, aiki ba ɗaya ba. Ko 4090 na laftof ƙwayar 4080 na tebur ce a cikinsa. Tambayi wat kafin ka tambayi i9.

Injiniya: Gaskiyarki. Sai dai idan irin su Counter-Strike yake bugawa yana neman firem da yawa, wato hotunan da ke fitowa a daƙiƙa, nan furosesa na da ta cewa.

Ɗan Auta: Yaya Kwamanda, to HX ɗin ba ya zafi? Kuma zan riƙa fita da shi.

Kwamanda: Yana yi mana, ai ɗan gidan ne. Samu mai kauri, kada ka bi siriri don kyau.

Injiniya: In fita ce da yawa, ko HX ɗin ka haƙura, ɗauki H ko HS, masu ƙarancin cin wuta. Batirin laftof ba ya wuce 99.9Wh saboda dokar shiga jirgi da shi, HX kuwa shan sa yake kamar ruwa.

Sarkin Yaƙi: Ko ya haɗa na tebur kawai kowa ya huta.

Ɗan Auta: Laftof na ce fa, Yallaɓai.

Baban Khalifa: Sarki, har yanzu ina jiran na biyun.

Anti Zee: Kwamanda, cajojin nan biyu suna nan? Ina neman abin tokare ƙofa.