In kai Baba kallon Santana a Las Vegas ko in haƙura?

Abu_Houston: Salamu alaikum 'yan uwa. Baba ya zo mana ziyara daga Kano. Tun muna yara kaset ɗin makaɗin jita Carlos Santana ba ya fita daga motarsa, kuma na ga har yanzu mutumin yana wasa a zauren kiɗa na House of Blues da ke Las Vegas. Ina son in kai shi, sai dai Baba yana fama da gwiwa, ba ya iya doguwar tsayuwa. Wanda ya taɓa shiga wurin, akwai kujeru? Nawa ya kashe?

Ɗan Nima: Allah sarki. Mahaifina ya ga Santana da idonsa a Accra ranar 6 ga Maris 1971, a wasan Soul to Soul, tare da Wilson Pickett da Tina Turner. Lokacin Santana bai kai shekara 24 ba, bai daɗe da fitowa daga bikin kiɗa na Woodstock na 1969 ba. Har tsoho ya rasu yana ba mu labarin daren nan. Ka kai shi kawai.

Hajiya Bilki: Ni dai ba zan ƙara sayen tikitin tsohon mawaƙi ba. Na biya tikiti biyu wajen wani mai sayarwa a intanet, na biya jirgi, na biya otal, don wani dattijon mawaƙi daban. Muna sauka aka ce an ɗage wasa, ba shi da lafiya. Otal suka ce ba ruwansu. Mai tikitin ya ce ɗagewa aka yi ba sokewa ba, don haka babu mayar da kuɗi. Na yi ta kira har suka daina ɗauka. Shi ma Santanan 1947 aka haife shi, kuma a Yulin 2022 ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a Michigan saboda zafi da ƙarancin ruwa a jiki.

Sadiq_LV: Hajiya ai ya warke ya dawo. Na shiga bara, dala 120 na biya.

Hajiya Bilki: Ɗari da ashirin a ina? Sama da 300 na gani.

Sadiq_LV: Nawa na tsaye ne.

Malam Garba: To ka ga ba da kai ake ba, yaro. Gwiwa aka ce. Wanda bai taɓa tura keken tsoho a filin jirgi ba ya yi shiru.

Sadiq_LV: Malam, duk zauren nan ni kaɗai na taka wurin fa.

Kwamanda: Abu, tsakanin Baba da Santana wa zai riga neman kujera? 😂

Ɗan Agadas: Mutane na ta cewa Santana marubucin waƙa ne. Manyan waƙoƙinsa na farko ai na wasu ne. Black Magic Woman ta Peter Green ce, Oye Como Va ta Tito Puente, Jingo kuwa daga Babatunde Olatunji ɗan Najeriya ya ɗauko ta. Jitar ce tasa, wannan kam ba gardama.

Ɗan Nima: Mutumin da ya kwashi kyautar Grammy takwas a dare ɗaya a 2000, bayan an gama cewa zamaninsa ya wuce?

Ɗan Agadas: Ban raina shi ba. Haushina mu ne. Makaɗan jita 'yan Nijar, Bombino da Mdou Moctar, suna zagaya Amurka, ka shiga zauren ka ga Turawa cike, namu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Abdallah Oumbadougou, shi ma makaɗin jita ɗan Nijar, ya rasu a 2020, mutum nawa a nan suka ji?

Malam Garba: Bar ma Agadas. Ka nemi tsaftataccen faifan Ɗanmaraya Jos ka gani. Abin da ke YouTube duk daga tsofaffin kaset aka kwafo, rabi ƙara ce.

Hajiya Bilki: Kuma wa ke cin kuɗin kallon? Anya iyalansa?

Abu_Houston: Jama'a, maganar kujerar fa?

Kwamanda: Tambayi Sadiq, ko ya hango wasu a zaune daga inda yake tsaye.