Marsiyyar Sarkin Yaƙi: musayar baitoci kan Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali

Malamin makaranta, Bauchi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota waƙa. Watan Nuwamba ya kama, kuma ranar Juma'a 4 ga Nuwamba 2016 da dare ne mayaƙan Boko Haram suka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, kwamandan bataliyar tankoki ta 272 wanda aka fi sani da Sarkin Yaƙi, a Malam Fatori, hedikwatar ƙaramar hukumar Abadam ta jihar Borno, yana da shekara 36. Mahaifinsa ya yi mana gwamnan soja daga 1990 zuwa 1992, saboda haka mu mutanen Bauchi muna ganin da mu aka yi wannan rashi. Na buɗe da ƙwar biyar, wato baiti mai layi biyar-biyar, kuma ina roƙon duk mai amsawa ya riƙe babban amsa-amon, wato sautin «ki» da ke rufe kowane baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai rayawa kuma Mai kashewa,
Wanda ikonsa ba ya gushewa,
Gare shi kowa zai komawa,
Talaka da attajiri har da sarki.

Salati ga Manzo, ɗan Amina,
Wanda ya yi hijira zuwa Madina,
Da alayensa masu amana,
Sannan in juyo kan batuna
Na jarumin da ya sanya kaki.

Muhammadu ɗan Abu Ali ne,
Asalinsa Bassa-Nge ta Kogi ne,
Mahaifinsa Birgediya Janar ne,
Tsohon gwamnanmu na Bauchi ne,
Sannan Etsu a gadon mulki.

Ɗan sarki ne, da ya so hutawa,
Da ya sami ofis mai sanyayawa,
Sai ga shi Kaduna yana shigawa
Makarantar da hafsoshi ke fitowa,
A 1998 ya ɗauki mataki.

A 2003 aka yaye shi,
Rundunar sulke ta karɓe shi,
Laberiya ta gani, an aike shi,
Darfur ta Sudan ma an tura shi
Tsaron raunana a wancan yanki.

Uwar gida 'yar Baga

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Ka kawo mana asalinsa da karatunsa, ni kuma zan kawo abin da ya sa sunansa ya shiga bakin mata irina. Ranar 3 ga Janairu 2015 mayaƙan Boko Haram suka ci barikin rundunar ƙawance da ke Baga, suka shiga garin da ƙauyukan bakin Tafkin Chadi, kuma hotunan tauraron ɗan'adam da aka fitar daga baya sun nuna gine-gine fiye da 3,700 da aka ƙone ko aka lalata a Baga da Doron Baga. Sojoji sun ƙwato Monguno ranar 16 ga Fabrairu, sannan suka nufo mu.

Malam, ka kawo asali da suna,
Bari in faɗi abin da idona
Ya gani a Baga, garin ubana,
Ranar Asabar kafin fitar rana,
Da suka afko mana da farmaki.

Barikin sojan ƙawance ya faɗi,
Wasu suka bi ta daji mai faɗi,
Wasu a kwalekwale sun nufi Chadi,
Babu guzuri, babu ko kuɗi,
Da yawa ruwa ya ci su a tafki.

Doron Baga mai bandar kifi,
Wadda kasuwarta take da ƙarfi,
An cinna mata wuta ba ta da laifi,
Muka bar ta da zuciya mai zafi,
Ba a hango komai sai hayaƙi.

Mako bakwai garin na hannunsu,
Sun kafa tuta suna mulkinsu,
Sai 21 ga Fabrairu ta riske su,
Manjo Abu Ali ya fatattake su,
Yana gaba, yana jan tankoki.

Ni ban taɓa ganin fuskarsa ba,
Bai san sunana ko na ɗana ba,
Amma da bai shiga Baga ba,
Da ban ƙara sa ran gida ba,
Shi ya sa rashinsa ya zame min miki.

Ɗalibi, Kano

Malam da Hajiya, ku yi mini izini in sa baki duk da ƙarancin shekaruna, domin mu da muka tashi muna jin labarinsa a rediyo da bakin yayyenmu, kirari ne abin da muka iya yi masa.

Gagara-gasa, garkuwar Borno,
Kai ka share hanyar Monguno,
Mai sa 'yan ta'adda su bar kwano,
Labarinka ya iske mu Kano,
Kai kaɗai ka isa, Sarkin Yaƙi.

An ce harsashi ba ya kama ka,
An ce ƙarfe yana tsoron ka,
Dubu ba sa tsayawa gabanka,
Gamboru Ngala ta shaide ka,
Namiji wanda ba shi da raki.

Tsohon sojan rundunar sulke, Zariya

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, baitocinka sun tashi da kyau, amma ni da aka horar a makarantar tankoki ta Bauchi ba zan iya barin kalmar «kai kaɗai» ta wuce ba. A farkon 2015, lokacin da aka ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris saboda halin da arewa maso gabas ke ciki, tankokin T-72 da Najeriya ta sayo suna cikin abin da ya juya akalar yaƙin. Kowace ɗaya ta haura tan 40, bakin bindigarta milimita 125 ne, kuma ba ta tafiya sai da mai, da gyara, da mutanen da suka amince da juna. Abin da ya ɗaga Abu Ali shi ne ya san wannan ƙarfe, ya san mutanensa, kuma yana shiga gaba da kansa. Saboda haka ne Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Janar Buratai, ya yi masa ƙarin girma na gaggawa daga Manjo zuwa Laftanar Kanar a watan Satumba 2015, a Gamboru Ngala, bayan an ƙwato garin.

Ɗana, na ji kirarin da ka yi,
Na san da kyakkyawar niyya ka yi,
Amma akwai gyaran da zan yi,
Yabo in ya zarce, ɓarna yakan yi,
Ya rufe gumin da ke cikin aiki.

Harsashi yana kama kowa,
Shi ma ya san haka tun farawa,
Da ya ɗauka cewa ba ya mutuwa,
Da babu jarumta cikin shigawa,
Ya sani ya shiga, nan ne mamaki.

Tankar yaƙi idan ka gan ta,
Mutum uku ne zaune cikinta:
Direba, da mai saita bindigarta,
Da kwamanda mai ba da umarninta,
Kuskuren ɗaya kan jawo makoki.

Akwai makanike mai kwanan gyara,
Akwai mai cire nakiya, shi ke fara
Taka hanya yayin da ake jira,
Akwai sojan ƙasa da ba a kira
Sunansa a rediyo ko a buki.

Daren da ya faɗi a Malam Fatori,
Ba shi kaɗai aka kai kabari,
Kowane ɗayansu na da gida da gari,
Da uwa da mata masu haƙuri,
Da yaran da ke leƙen ƙofar ɗaki.

Ran 7 ga wata, a can Abuja,
A maƙabartar da aka ware wa soja,
An jera gawa bakwai da daraja,
Musulmi da Kirista, ga ta nan hujja
Cewa tare suka tsaya a fagen yaƙi.

Janar Buratai ya zub da hawaye
A gaban mata, a gaban iyaye,
Ga hafsoshi a gefe tsaye,
Shi ne a Gamboru, dakaru kewaye,
Ya ƙara masa anini a kaki.

Manomin tattasai, Diffa

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ka faɗi abin da ya kamata a ji. Ni daga jihar Diffa ta Nijar nake amsawa, kuma ina son 'yan'uwa su sani cewa Malam Fatori da garinmu na Bosso kogin Komadugu Yobe ne kawai ya raba su. A ƙarshen Maris 2015 sojojin Nijar da na Chadi ne suka shiga Malam Fatori, kuma ranar 3 ga Yuni 2016, wata biyar kafin rasuwar Abu Ali, aka kai wa Bosso harin da ya watsa dubban mutane zuwa bakin babbar hanya. Hannuna bai kai ga ƙwar biyar ba, don haka ku karɓi ƙwar biyu.

Baba, gaisuwa nake kawowa daga Diffa,
Daga ƙetaren Komadugu, wancan yanki.

Malam Fatori da Bosso maƙwabta ne,
Aure ya haɗa mu, haka ma ciniki.

Tattasanmu yana ƙetarawa wajensu,
Hatsinsu yana iso mu a bayan jaki.

Da wutar ta tashi ba ta tambayi iyaka ba,
Ta ci Bosso da mummunan farmaki.

Mutane suka kwana a gefen kwalta,
Babu rumfa, babu tukunyar girki.

Don haka wanda ya tsaya a Malam Fatori
Ya tsaya mana, mun ɗauke shi aboki.

Sojan Nijar da na Chadi da suka faɗi nan,
Ku sa su a addu'a, su ma suna da haƙƙi.

Uwar gida 'yar Baga

Baba, ka yi gaskiya, kuma ɗan'uwa na Diffa ya tuna mini da makwabtan da muka yi gudu tare. Akwai abin da ke ci mini rai wanda ban faɗa ba a karon farko: a ƙarshen Disamba 2018 Baga ta sake faɗawa hannun 'yan ta'adda, kuma sai a watan Satumba 2020 gwamnatin Borno ƙarƙashin Farfesa Babagana Umara Zulum ta fara mayar da mutane gida.

Baba, na karɓi wannan gyara,
Kuma ina da abin da zan ƙara:
A Disambar 2018 an sake kora,
Muka ɗauki tsofaffi da yara,
Muka bar Baga, muka bar tafki.

Ƙwato gari jarumi kan yi shi,
Riƙe shi kuwa sai an tsaya masa shi,
Da sojan da aka wadata shi
Da kayan faɗa da kuma albashi,
Da shugabanni masu kirki.

Ba na son jininsu ya tafi a banza,
Shi da shidan nan, zaratan maza,
Domin duk ranar da aka gaza,
Talaka ake kora tamkar kaza,
Ya bar gona da jirgi da dawaki.

Tsohon sojan rundunar sulke, Zariya

Hajiya, kin taɓo inda ke ciwo,
Akwai wani kuma da zan kawo:
Matar sojan da aka ce zai dawo,
Kada a bar ta da fayil tana yawo
Ofis zuwa ofis tana neman haƙƙi.

Abu Ali ya bar mata da 'ya'ya uku,
Masu mulki, wannan kira gare ku,
Marayun soja amana ce a wuyanku,
Kuɗin karatunsu yana kanku,
Ɗan kanar da ɗan kurtu mai sabon kaki.

Malamin makaranta, Bauchi

Na gode muku baki ɗaya. Abu Ali bai ga ranar da sojoji suka shiga Camp Zero, sansanin Boko Haram na dajin Sambisa, a watan Disamba 2016 ba, amma filin harbin da rundunar sojan ƙasa ta buɗe a dajin, inda aka yi gasar harbi a watan Maris 2017, sunansa aka sa masa. Ga addu'ata gare shi da waɗanda Baba ya tuna mana da su.

Ya Allah, Ka jiƙan Muhammadu,
Wanda ya tsaya ranar da ake gudu,
Da 'yan'uwansa na arewa da kudu
Waɗanda a fage ɗaya suka haɗu,
Ka sa hisabi ya zo da sauƙi.

Ka ba iyalansu haƙuri da dangana,
Ka mayar da 'yan Baga gida da gona,
Bosso da Abadam su samu kwana,
Masunta su shiga ruwa da rana,
Kasuwar kifi ta koma ciniki.

Baba, ranar 18 ga Nuwamba 2018 aka kashe Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba, kwamandan bataliya ta 157, tare da sojoji da dama a Metele da ke arewacin Borno. Ranar tana tafe cikin wannan watan, kuma kai ne ya dace ka buɗe mana baitin farko a kansu.