Ku da kuka mayar da cinikinku intanet, yaya kuka yi da yaran shago?

Mai sarin atamfa, Kantin Kwari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya sa mahaifina ya yarda mu mayar da ciniki waya. Muka buɗe WhatsApp Business, muka sa POS a shagunanmu uku, muka sayi manhajar lissafin kaya. Na'ura ba ta wahalar da mu ba. Yaran shago ne matsalar: sai su sayar da turmi goma hannu da hannu ba su shigar ba, ni kuma ina ofis ina tallata kayan da babu su a sito. Sau biyu ina karɓar kuɗin wata Hajiya daga Maraɗi in dawo ina ba ta haƙuri, abin yana cina a rai har yau. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka mana.

Mai kayan masarufi, Kasuwar Singa:
Wa alaikumus salam. Alhaji ƙarami, kada ka yi saurin ɗora wa yaran laifi. Ni ma haka na yi da farko, ashe akawunmu ne bai so abin ba. Dattijo ne, shekara ashirin yana riƙe da littafin shige da fice, sai ya ga kamar kwamfuta ta zo karɓe masa tuwo. Yaran kuwa fuskarsa suke kallo, ba tawa ba. Da na gane, na zauna da shi, na haɗa shi da yaro ɗaya mai saurin hannu, na ce duk abin da aka shigar sai ya duba ya amince. Wata uku muna tafiyar da littafi da kwamfuta tare, kullum bayan la'asar a gwada su. Doka ɗaya muka kafa: ko katan ɗaya ba ya fita daga sito sai da rasit daga na'ura, ko da ƙanena ne ya zo ɗauka. Ranar da na mayar da ƙanen nawa da kaina, ranar kowa ya shiga taitayinsa.

Mai abaya da mayafai, Kaduna:
Yaya, ka ƙara da wannan: kada yaro ya saki kaya don an nuna masa alat a waya. An taɓa cinye mini abaya shida da alat na bogi. Yanzu sai na ga kuɗi a asusuna kafin a kai kaya tasha, kuma lambar direba da ta mota nake tura wa mai kaya nan take.

Mai buhunan hatsi, Dawanau:
Kada dai ku jefar da littafi. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, tura kuɗi ya gagara a wajenmu, ga motoci biyu sun gama lodi. Da biro da takarda muka sallame su.

Mai sarin atamfa, Kantin Kwari:
Allah Ya saka da alheri. Alhaji na Singa, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi, domin namu akawun abokin mahaifina ne. Gobe in sha Allah zan same shi a gida, ba a shago ba. Amma masu ɗaukar kaya bashi, da ba sa son sunansu ya shiga kwamfuta yara su gani, su yaya ka yi da su?