Na ɗaura aure a Tailan, amma rajista ta gagara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Bankok. Ina neman shawara.

Shekara huɗu ke nan ina saro tufafi a kasuwar Pratunam da ke Bankok. Watan jiya aka ɗaura mini aure da wata Musulma 'yar lardin Pattani da ke kudancin Tailan, a masallacin garinsu, da waliyyi da shaidu. Na biya sadaki, har da kuɗin da ango ke ba iyayen amarya, da suke kira sin sod, wanda aka baje a faranti gaban dangi, surukata ta naɗe shi a ƙyalle. Wannan duk ya tafi lafiya.

Inda na maƙale shi ne rajistar gwamnati a ofishin gunduma, wato amfo. Baƙo sai ya kawo takarda daga ofishin jakadancin ƙasarsa cewa ba shi da aure, a fassara ta zuwa harshen Tai, ma'aikatar harkokin waje ta buga hatimi. To ni ina da uwargida a Kano da 'ya'ya uku, dokar Tailan kuwa mace ɗaya ta sani tun 1935. Rantsuwar ƙarya kam ba zan yi ba.

Na san a lardunan Pattani, Yala, Narathiwat da Satun ana bin shari'ar Musulunci a sha'anin aure da gado. Shin takardar kwamitin Musulunci na lardi za ta wadatar wajen neman bizar aure? Bat 400,000 (kuɗin Tailan) da ake so a banki don bizar na tanada. In kuma aka haihu ba rajista, sunana zai hau takardar haihuwar?

Wanda ya taɓa bin wannan hanya, don Allah ya yi mini bayani.